Ranar da Hankalin Fadiyus Ya Leƙo Gida

Maƙwabcina Fadiyus, mai tufka igiyar jiragen ruwa a nan Ostiya ta ƙasar Rum, ko kaza bai taɓa kora ba, amma doka ta kira shi furiyosus, wato mahaukaci tuburan. Tun da matarsa Fibiya ta rasu yake cewa kasuwa ta tafi, tana nan tafe. Shi ke nan haukan nasa. Aka naɗa ƙanensa Numeriyus kurator, mai riƙe masa dukiya. Cikin dukiyar har da Hilarus, bawan da suka yi furfura tare a kan igiya.

Da tari ya fara cin Fadiyus, sai Numeriyus ya shiga kawo dillalai suna duba haƙoran Hilarus.

Doka dai ta ce idan hankalin mai taɓuwa ya dawo, ko na wuni ɗaya ne, maganarsa magana ce. Hankalin Fadiyus kuwa baƙo ne marar aike. In ya zo, sai a tarar ranar bikin alloli ce, alƙali ba ya zama.

Wata safiya Fadiyus ya leƙo shagona. "Wanzami, ajiye askar nan kafin ka yanka wani. Rako ni in 'yanta tsohon can."

A gaban alƙali, Numeriyus bai yi musu ba. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, a tambaye shi ina matarsa."

Hilarus ya ja wa Fadiyus riga. "Maigida, mu koma. Wa zai sayi ƙashi da fata?"

"Rufe min baki, tsohon banza."

Fadiyus ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "Fibiya ta mutu," in ji shi. "Zazzaɓi ne, lokacin tsinkar inabi. Ni na rufe mata ido."

Aka ɗora wa Hilarus sanda a ka, Fadiyus ya kama kafaɗarsa ya juya shi, ya sake shi. Haka ake 'yanta bawa a nan.

Da muka fito Fadiyus bai nufi gida ba. Ya tsaya a tsakiyar hanya, masu kaya suna ratse shi.

"Hilarus, yanzu ba ni da ikon aiken ka, roƙo nake. Ina kuka ajiye tokar gawarta?"

Hilarus ya riƙe hannunsa, suka nufi ƙofar gari, hanyar maƙabarta, a hankali, saboda tarin.