Sarƙar da Baffa Ya Zaɓa wa Tarakta

Abubuwa da yawa sun faru da ni a zaman da na yi a Madina waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma hunturun da aka aike ni neman sarƙar taya ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 ne. Ina tuƙin tarakta a wata gonar dabino a Al-Awali, shekarata huɗu ke nan da barin gida. Wata safiya ina wanke inji sai ga kafilina, wato mai gonar da takardar izinin zamana a ƙasar take hannunsa. Ya ce ƙanensa yana da garken tumaki a kan duwatsun da ke gaba da Tabuka, inda dusar ƙanƙara take sauka wasu shekarun. Bara ta toshe musu hanya kwana uku, abinci bai isa ga dabbobi ba, ƙananan suka yi ta mutuwa. Bana za a ɗora tsohuwar taraktarmu a babbar mota a kai ta can, tare da faifan ƙarfen da muke ture ƙasa da shi, ni kuma in bi ta in yi wata biyu ina share hanya.

"Ka nemo mata sarƙar taya kafin Alhamis," in ji shi.

Na ce, "Tayyib," wato to, kamar na san mece ce sarƙar taya. Ni kuwa ƙanƙarar da na sani a duniya ita ce ta cikin firji. Amma na ji tsoron in ce ban sani ba, kada a ɗauko wani direban a ba shi kujerata, ga mata da 'ya'ya biyu can gida suna sa ido a kaina.

Yini guda na yi ina zagayen shagunan kayan mota. Wasu suka yi mini dariya, wani ya tambaye ni ko taraktar ce take gudu da dare har zan ɗaure ta. Can dai wani ya shiga ƙuryar shagonsa ya fito da wata sarƙa duk ƙura, dogaye biyu da gajeru a gicciye kamar tsani. Na saɓa ta a kafaɗa ina jin na gama aiki.

A unguwar Ƙurban akwai wani dattijo da duk mu 'yan ci-rani muke kira Baffa. A Madina aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Kano da ƙafa ya zauna. Ya yi shekara ashirin yana jan tirela zuwa Sham da Turkiyya kafin gwiwa ta zaunar da shi. Hausarsa irin ta mutanen da ce, rabinta Larabci, kuma ƙofarsa ba ta rufuwa ga duk mai jin Hausa. Na biya wurinsa bayan la'asar. Gaskiya ba shawara na je nema ba, sallama na je yi, da ɗan nuna cewa ni ma an fara aikena ƙasar sanyi.

Ya sa na baje sarƙar a tsakar gida. Ya dube ta, ya dube ni, ya kurɓi shayinsa.

"Ya waladi, wannan wa ka saya wa?"

"Tarakta, Baffa."

"Ka kai wa masu hawan dabino, tsani ne. Lambar tayarka nawa?"

Na hau kame-kame.

"Shekara huɗu kana zaune a kanta, ba ka taɓa sunkuyawa ka karanta abin da aka rubuta a gefenta ba?"

Kunya ta rufe ni har na kasa shanye shayin da aka zuba mini. Matarsa Hajiya ta leƙo daga ɗakin girki ta ce ya ƙyale ni haka, baƙo ne. Ya ce, "Ba baƙo ba ne, ɗana ne, shi ya sa."

Washegari da hantsi sai ga shi a gona, ya yi hayar mota tun daga Ƙurban, yana dogara sanda. Ya sa na karanta lambar tayar baya da ƙarfi har sau uku. Sannan ya ce in ɗora sarƙar tawa. Ina ɗorawa gajerun nan suka faɗa tsakanin manyan haƙoran taya suka ɓace.

"Ina sarƙar?" ya tambaya.

"Tana ciki."

"To ƙanƙara ce za ta shiga ciki ta neme ta?"

Nan ya fahimtar da ni cewa tayar tarakta ba tayar mota ba ce. Haƙoranta suna da zurfi, don haka tana son sarƙar da aka saƙa kamar raga, wadda za ta hau bisa haƙoran ta zauna, ita ce za ta fara taɓa ƙasa. Ya dunƙule hannu ya cusa tsakanin taya da ƙarfen da ke rufe samanta, ya ce in kaurin sarƙa ya cinye wannan fili, juyi ɗaya za ta yi ta fizge ƙarfen. Ya durƙusa da gwiwar nan mai ciwo ya leƙa ta ciki, ya nuna mini inda sarƙa mai sako-sako za ta iya kama sandar birki. Da ƙyar na ɗaga shi.

Irin wadda yake so babu ita a Madina kaf. Sai ya ce mu koma gida. A ɗakin ajiyarsa, ƙarƙashin tsofaffin dardumai, akwai sarƙoƙin tirelarsa guda huɗu da ya sayo a Turkiyya, saƙaƙƙu, an shafe su da baƙin mai an naɗe a buhu. Hajiya ta tsaya bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Shekara nawa ina roƙonka ka fitar mini da ƙarafan nan? Yau Allah ya karɓi addu'ata."

"Ba fita za su yi ba," in ji Baffa. "Aiki za su je."

Na lura da yadda ya shafa su kafin ya miƙo mini. A lokacin ban gane ba. Sai daga baya na fahimci su kaɗai suka rage masa daga shekarun da yake da ƙarfinsa.

Tayar tirela ba ta kai ta tarakta ba, sai muka kai wa wani mai walda, ya haɗa huɗun suka zama biyu. Baffa yana zaune a kan galan yana ƙirga zobba da kan sandarsa, duk wanda ya ga ya ci ya sirance sai ya ce a cire. Ran Laraba muka saki ruwa a wani fili a gonar har ya zama taɓo, na shiga da tarakta na fita, sarƙa ta kama daram. Na sauko ina murna, na ɗauka an gama.

Ashe Baffa ya taho da bokiti da ƙatuwar ƙanƙara irin ta masu sayar da kifi. Ya fasa ta a ruwa ya ce in tsoma hannayena.

"Baffa, wasa kake yi?"

"Yalla, tsoma. Sai na ce ka cire."

Na tsoma har yatsuna suka daina jin komai. Sannan ya ce in kwance sarƙar in sake ɗaurawa. Ƙugiyar da ɗazu na saƙala ido a rufe ta gagare ni, tana ta suɓucewa. Ma'aikatan gona suka taru suna dariya, ni ga zufa a goshi ga hannu a daskare. Raina ya ɓaci sosai, har na ce a zuciyata tsohon nan so yake ya mai da ni abin kallo. Sau biyar ya sa na maimaita. Da na iya, ya kama hannayena ya cusa cikin rigarsa yana murzawa.

"Can babu wanda zai ɗaura maka," ya ce. "In ka ɗaura, ka yi tafiya kaɗan ka sauko ka ƙara tamkewa, don za ta saki. In kuma baya ya fara zamewa, kada ƙafarka ta je birki. Ka rage wuta, ka sauke faifan ƙasa, ka bar sarƙa ta yi aikinta."

Mako uku na yi a duwatsun nan ban ga komai ba sai iska mai yanka fuska. Har na fara cewa wahalar banza muka sha. Sai wata safiya na buɗe ƙofa na ga duniya ta yi fari fat, babu hanya babu alamarta. Ƙanen kafilina ya zo hankali tashe. Makiyayinsa, wani mutumin Sudan mai ciwon ƙirji, yana can garken sama shi kaɗai, tun jiya yake tari, kuma motarsu ta kasa hawa ko taku goma.

Na ɗaura sarƙa da hannayen da ba na jin su. Na yi tafiya kaɗan na sauko, na tarar ta saki kamar yadda aka gaya mini, na tamke. Na fara hawa ina ture dusar gefe, motar tana biye da ni a hankali. A wata kwana, inda dusar ta daskare ta zama kamar gilashi, na ji bayan tarakta ya soma tafiya gefe, gefen da rami yake. Ƙafata ta ɗaga da kanta za ta taka birki. Ban san yadda na mai da ita ba. Na rage wuta, na sauke faifan, ina salati da ƙarfi. Sai na ji ƙarar ƙarfe yana cizon ƙanƙara, tarakta ta girgiza ta tsaya cak. Na ɗaga faifan na ci gaba da hawa a hankali.

Mun sami makiyayin a dunƙule cikin bargo, numfashinsa yana fita da ƙyar. Aka sa shi a mota, suka bi hanyar da na share suka kai shi asibiti. Daga baya ya warke, har ya dawo ya dafa mini shayi da madarar tumaki.

Bayan kwana biyu na sauka gari na buga waya Ƙurban. Na fara zuba labari, Baffa ya katse ni.

"Ka sauko ka ƙara tamkewa?"

"Na tamke, Baffa."

"Khalas, shi ke nan," ya ce, sai na ji ya ajiye kan wayar a gefe. Hajiya ta ɗauka tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce in yi masa uzuri, ya shiga ɗaki yana share ido. Tun ranar da na tafi, in ji ta, kullum sai ya zauna gaban talabijin yana jiran a faɗi yanayin Tabuka, ba mai ikon yin magana a gidan sai an wuce wurin.

Baffa ya rasu shekaru kaɗan bayan haka, Allah ya jiƙansa. Ni kuma yanzu na kai shekarun da samari suke zuwa su nuna mini abin da suka sayo. Abin da hunturun nan ya koya mini shi ne, faɗin "ban sani ba" bai taɓa rage kowa ba, ɓoye shi ne ya kusa jefa ni rami da ran wani a wuyana. Na kuma gane cewa a cikin duk waɗanda suka yi mini dariya a makon nan, mutum ɗaya ne ya durƙusa da gwiwa mai ciwo ya leƙa ƙarƙashin taraktata, kuma shi ne wanda ya fi kowa yi mini faɗa.