Wushiryar Kasham

Har yau idan na ɗaura gilashin duba baki, ina tuna safiyar da na hango ɗan ɗigon nan a dasashin Kasham. Baƙi ne, bai kai ƙwayar acca ba, yana zaune a tsakiyar kumburin da ke saman haƙoranta biyu na gaba.

A lokacin ina sabuwar ma'aikaciya a sashen haƙori na wani asibiti a Kafanchan. Aikina wankin haƙori ne da duba yara kafin su shiga wurin likita. Dakta, wani dattijon Ibo da aka haifa a kwatas ɗin reluwe, yana da doka guda: ba a taɓa dasashin yaro sai an duba da gilashi. Kamar tabarau yake, da ƙananan madubai a gaba masu ƙara girman abu, da 'yar fitila a goshi. Sai an busar da wurin da auduga tukuna, domin yawu yana ƙyalli ya ɓoye komai. A haka ake bambance ƙurjin zazzaɓi da ƙari, da kuma raunin da wani abu ya yi.

Kasham tana aji biyar a firamare. Babanta, Baba Yohanna, manomi ne daga Fadan Kaje. Tun farkon damina kumburin yake fashewa da mugunya, ya lafa idan ta sha maganin kemis, ya dawo. An yi hoto ba a ga komai ba. Haƙoran kuma sun fara girgiɗi.

"Sista, a cire shi duka biyu," in ji Baba Yohanna. "Yarinya ba ya barci, mamansa ba ya barci. Wani zai fito."

"Baba, ai ta riga ta yi famfara. Waɗannan in sun tafi, sun tafi ke nan."

"To ya zauna da wawulo. Wawulo ya kashe wani ne?"

Kasham ta dafe baki da hannu biyu, hawaye suna bin yatsunta. Sai da na lallashe ta sannan ta buɗe, a nan ne na ga ɗigon. Gefensa a tsaye yake, ba kamar daskararren jini ba. Na taɓa shi da bakin ƙarfe na ji tauri, na je na kira Dakta.

Ya ɗaura nasa gilashin, ya daɗe yana dubawa. "Itace ne," ya ce. "Shi ya sa hoto bai nuna ba. My dear, me kika sa a nan?"

Ta saci kallon babanta. Dakta ya ce Baba ya je ya sha iska a waje. Da ya fita, sai ta koma kallon bakina. Ni ina da wushirya, kuma na taso da littattafan soyayya na kasuwa waɗanda ba a yin kyakkyawa a cikinsu sai da ita. Ina jin daɗin tawa ƙwarai. Nan zuciyata ta ba ni.

"Irin wannan kike so?" na tambaye ta, ina nuna tawa.

Ta gyaɗa kai. A hankali ta faɗa mana cewa mai jan waƙa a zumuntar mata ta cocinsu tana da wushirya, kuma duk lokacin da ta yi dariya kowa sai ya waiwaya. Wata 'yar ajinsu ce ta koya mata ta riƙa cusa tsinken tsintsiya tsakanin haƙoran kafin ta kwanta. Wata rana ta tashi ta ga rabin tsinken, ta ɗauka ta haɗiye sauran.

Dakta ya yi mata allurar kashe zafi, ni na riƙe fitila. Ya sa hantsaki ya zaro tsinken, ya yi baƙi ya jiƙe, tsawonsa ya kusa farcen ɗan yatsa. Muka wanke ramin, ya ce kada ta gatsa rake ko masara sai haƙoran sun kama.

Da aka nuna wa Baba Yohanna a kan auduga, ya juya shi da yatsa ya ce, "Tsintsiyan gidana ne ma! Kai, Yesu." Ya dubi 'yarsa kamar zai yi faɗa, sai dariya ta ƙwace masa.

Tun ranar, idan na ga ciwo a dasashin yaro, bayan gilashi sai na fitar da iyaye waje in tambaye shi. Yara suna da dalilansu, ba kuma a gaban kowa suke faɗa ba.

Haƙoran sun kama. Da fiƙoƙinta suka fito, suka matse na gaban, 'yar ƙofar da ta sha wuya a kanta ta rufe ruf. Bara na haɗu da ita a kasuwar Kwoi, ta zama babbar mace tana sarin citta. Ita ta gane ni. Ta ajiye mudu, ta yage baki ta nuna mini su, farare a jere.

"Anti, duba fa," ta ce. "Duk wahalan nan, ko iska ba ya wucewa."