Shayin da Likitarmu ta Yaba

Tun ranar da 'yar yayana ta samu gurbin karatun likita a Kano, sunanta ya ɓace a gidanmu. Likita kawai ake cewa. Ko allura ba a ba ta ta riƙe ba tukuna, amma tsofaffin unguwa har sun fara kawo mata ƙarar gwiwoyinsu.

Tana aji huɗu ta zo hutu da farar riga da abin sauraron ƙirjin nan a wuya. Ina tsakar gida ina turara shinkafa ta ce, "Gwaggo, zo ki riƙe min waya ki ɗauke ni bidiyo." Muka tafi bakin kanal ɗin ban-ruwa, gonar ubanta, wai kore ya fi fitowa a hoto. Ta ɗaga wani kwalin shayi ta ce yana wanke suga daga jini tas. Sau shida muna sakewa saboda ƙarar injin ban-ruwan maƙwabci.

Na ce, "Ke kin taɓa shan abin nan?"

Ta yi dariya. "Haba Gwaggo, talla ce, kamfanin ne ke biyana. Kowa ya san talla."

Kowa fa! Ni sarauniyar masu wayo, ba gidan sunan da ban nuna bidiyon nan ba. Ni na kai wa Yaya, ubanta, wanda ya yi shekaru yana haɗiyar ƙwayoyin ciwon suga yana tsaki. Sau uku ya kalla, bakinsa ya ƙi rufuwa.

To, a wajenmu manomi ba ya yabon irin da bai shuka ba. In ya ce maka irin shinkafa kaza na da kyau, yana gonarsa, kuma zai ja ka ka gani da idonka. Wanda ya yabi iri da baki kawai, ya gama magana a majalisa. Da wannan al'ada Yaya ya tsufa. Ga 'yarsa, likita, a tsakiyar gonarsa, tana yabon abu.

Ya nemo shayin, ya tura ƙwayoyinsa ƙarƙashin katifa. Ina ganinsa da butar shayi safe da yamma, wallahi daɗi nake ji.

Lokacin dashe wani abu ya yanke shi a ƙafa cikin taɓo. Ciwon ya ƙi warkewa, shi kuma ya rufe shi da safa. Wari ne ya tona masa asiri.

A asibiti Likitar tamu ta same mu, cikin farar rigar nan dai. Ta duba takardar gwaji, fuskarta ta canja.

"Baba, ina ƙwayoyinka?"

"Na ajiye su."

"Innalillahi! Wane marar tsoron Allah ne ya ce ka ajiye?"

Yaya ya dube ta. Sunan mahaifiyarmu gare ta, shi ya sa ba ya kiran sunanta. Ya ce, "Uwata, ai a gonata kika tsaya kika faɗa."

"Baba, ban ce a daina magani ba! An ma rubuta a ƙasan bidiyon."

Gaskiyarta, an rubuta. Da Turanci, ƙanana kamar ƙwayar gero. Yaya ajami ya iya.

Yatsun ƙafa biyu aka cire masa, aka kuma hana shi shiga ruwan gona. Na yi fushi da ita, fushin da har yau bai gama sauka ba. A mota, muna dawowa Kura, na fara zazzaga masifa, Yaya ya ɗaga min hannu.

"In an tambaya, ki ce gangancina ne. Kar a ɓata wa yarinya aikinta."

Haka na faɗa wa kowa. Har yau Likita ake ce mata, yanzu ma da hujja. Ni kuwa da na riƙe wayar, ba wanda ya taɓa tambayata komai.