Ƙwayar Ƙashin Iya Gambo

Har yau ban manta ranar da Alhaji Sule ɗan kwangila ya kawo mahaifiyarsa ɗakin shan maganinmu na Wudil ba. Shekarun kuɗin mai ne, lokacin da kowace cuta ake mata magani da katan. Ni ne disfensa, wato likita ya rubuta, ni in miƙa in yi bayani.

Iya Gambo ta karye a wuyan hannu daga ɗan zamewa a bakin rijiya. Likita ya ce tsufa ya cinye mata ƙashi, tana bukatar kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa shi. Ba mu da shi, sai farar ƙwayar ƙwannafi, wadda da alli ake yin ta, allin kuwa kalsiyam ne. Na yi mata bayani dalla-dalla, har na burge kaina.

Ta ce, "To, ɗan nan."

Alhaji ya ce namu na gwamnati ya yi kaɗan. Ya tafi Kano ya ciko but ɗin mota da katan-katan na ƙwayar.

Kafin wata ya zagayo ya dawo yana murna, wai katan guda ya ƙare. Na tsorata, na hau babur sai garinsu, Lajawa. Na tarar da Iya a tsakar gida cikin 'yan dubiya, an ci tuwo, ana zagayawa da ƙwayar a faifai kamar goron suna.

Na ce, "Iya, ke nawa kike sha?"

"Ni? Ai ni ƙirjina lafiya lau. Ga Baba Asabe nan, shekara da shekaru ba ta cin yaji, yanzu dube ta."

"Don ƙashinki aka ba ki."

"Ƙashin ya ɗore, ɗan nan. Kai da karatunka, maganin ƙirji ina ruwansa da hannu?"

Na sake bayani, ta sake cewa to. Ranar na gane ma'anar "to" ɗin tsofaffi.

Da damina ta faɗi a bakin ƙofa, ƙugu ya karye, ba ta ƙara takawa ba. Lajawa kuwa, a iya sanina, ba a taɓa samun garin da ya rabu da ƙwannafi kamarta ba.

Ku da kuke miƙa magani yanzu, in ƙwaya tana aiki biyu, aikin da mutane suke ji a jikinsu shi za su ba ta. Ƙashi kuwa ba ya kuka sai ya karye.