Kofi Uku a Gidan Zenzi

Emmeram Zeitler taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu a garinmu, can ƙuryar Bavariya a Jamus, kusa da iyakar ƙasar Cek, kuma duk tsawon shekarun nan ban san wanda ya taɓa jin ya yi magana ta minti ɗaya a jere ba. Duk da haka babu wanda ake shakka a garin kamarsa. Ko Fada, limamin cocinmu, ranar Lahadi kawai ake shakkarsa.

Gidaje shida ne ke da gadon dafa giya a wajenmu. Tukunyar ɗaya ce, ta gari duka, a tsohon ginin da ke bayan coci, kuma har yau da itace ake hura mata wuta. Kowane gida da ranarsa. In an dafa, ni Vitus nake ɗaukowa a tanki da tarakta in kai wa mai ita, ya juye a ɗakin ƙasa ya jira ta nuna. Ranar da ta nuna sai ya rataye tauraro mai tsini shida a ƙofar gida, ya kwashe kayan falo ya jera benci, kwana huɗu gidansa ya zama na kowa. Daga nan layi ya koma kan wani gidan.

A irin wannan zama ba a cewa "ya isa". Muddin kofinka ya yi wayam, mai gida zai cika maka. In ka ƙoshi, sai ka zaro ɗan faifan kwalin da ke ƙarƙashin kofin ka rufe bakinsa. Kowa haka yake yi, kuma ba mai kallon na wani, sai na Emmeram.

Ranar farko, ƙarfe huɗu na yamma, ya gama rabon wasiƙu, zai shigo ya rataye jaka ya zauna. In ya rufe bayan kofi biyu, ba yabo ba fallasa. In ya kai uku, mai gida zai yi mako guda yana tafiya kamar shi ya gina cocin. In kuwa a kofi ɗaya ya rufe, kafin rana ta faɗi labari ya kai har garin maƙwabta. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya tuna yadda abin ya fara. Wata shekara ya rufe wa Wastl mahauci a ɗaya. Wastl, ƙaton da ke saɓa rabin bijimi a kafaɗa, ya kwana uku a ɗakin ƙasa yana goge ganguna da buroshi yana zagin iyayen gangunan.

Daga baya 'yan birni suka gano mu. Sukan zo da gemu da waya, su tsoma hanci a kofi, su ɗaga shi sama suna kallon haske, su ce suna jin ƙanshin ayaba da ɓawon burodi da ciyawar da aka yanka da safe. Mukan ƙyale su, baƙo ai ba ya laifi. In sun gama rubuce-rubucensu sai wani ya juya ya tambayi na kusa da shi, "A nawa Emmeram ya rufe?"

Gida ɗaya ne bai taɓa samun ƙasa da uku ba, gidan Girgl da matarsa Zenzi. Sauran masu dahuwa sun yi ta leƙen asirin Girgl har suka gaji. Wasu suka ce sanyin ɗakin ƙasarsa ne, wasu suka ce hannu ne, gado ne.

Girgl ya faɗi a gonar dankalinsa wata bazara, bai tashi ba. A watan nan kuma ƙafafun Emmeram suka fara kumbura, lokacin bai daɗe da ajiye aiki ba. Ni na kai shi asibitin birni a motata. Likita ta ce ƙoda ce, ta ce kofi ɗaya in ya zama dole, in da hali ma ya bari ɗungum. Da muka shiga mota sai ya ce, "Vitus, in wani ya ji wannan magana, daga bakinka ne."

"Ciwo abin kunya ne?"

"Ba na so a riƙa kallona kamar tsohon dokin da za a kai wa Wastl."

Haka aka shiga lokacin zafi, Emmeram na bin gidajen tauraro ɗaya bayan ɗaya yana rufewa a kofi ɗaya. Gida biyar, ba wanda ya tsira. Gari ya rikice. Wastl ya daina sayen sha'ir wajen surukinsa, har yau ba sa ga maciji. Wani ya ce ruwan famfo ne ya canza. Aka yi taro aka kankare tukunyar gari har tana walƙiya. Da abin ya ƙi, sai aka juyo kaina, wai tankina ya yi tsatsa. Sau biyu na wanke tankin da na san tsaf yake, a gaban jama'a, ina cizon leɓe. Babu mutum ɗaya da ya je ya ce, "Emmeram, lafiya?" A garinmu tambayar mutum dalilinsa rashin ta ido ne, gara a tone rijiya a duba.

Ranar da na sake kai shi asibiti na kasa haƙuri. Na ce, "Kai tsoho, ka ji tsoron Allah. Mutane na neman kashe juna a kan harshenka. Ka faɗa musu giyarsu lafiya lau take."

Idonsa na kan hanya ya ce, "Ina na sani ko lafiya take?"

"Kamar yaya?"

"Ni duk giya ɗaya ce a bakina. Ɗan ɗaci, ɗan sanyi, shi ke nan."

"To faifan fa?"

"Faifai na ƙafa ne da baya. Mutum ya wuni yana tafiya. In an zaunar da ni bakin ƙofa iska na dukana, in sha ɗaya in tafi. Bencin Wastl ba majingina. Waccan shekarar da na rufe masa a ɗaya, sabon takalmi ne ya matse ni."

"Gidan Girgl kuma?"

"Akwai kujera kusa da murhu. Kuma Zenzi ba ta taɓa tambayata wa ya rubuto wa wa ba."

Saura kaɗan in zuba mu a rami. Na yi dariya har da hawaye, daga baya haushi ya kama ni, don na tuna tankina. Amma gaskiya ɗaya ce, tsoron faifan nan ya sa giyar garinmu ta fi ta kowa a yankin. Shekara talatin mutane na gyara sana'arsu saboda ciwon bayan mai raba wasiƙu.

Saura gidan Zenzi, wadda ba ta rataye tauraro ba tun mutuwar mijinta. Shekarunta sittin da takwas, 'yarta da ke Munich kullum tana waya ta ce ta sayar da gidan ta dawo wajenta, akwai ɗaki a hawa na biyar. Da kaka ta kama, Zenzi ta karɓi ranarta ta dafa ita kaɗai, karon farko a rayuwarta. Ina juye mata ta ce, "Vitus, in Emmeram ya rufe a ɗaya, zan sauke tauraron nan in bi 'yata." Ta faɗa da ƙarfi a bakin titi, don haka kamar ta yi shela ne. Tauraron kuwa tun kakan kakan Girgl yake gidan.

Ana jibi buɗewa ta kira ni ɗakin ƙasa ta ba ni ɗanɗano. Ni ba gwani ba ne, amma harshena na aiki. Giyar ta ɗan yi tsami. Na ce, "Ba laifi." Ta dube ni irin kallon da ake yi wa yaron da ya ce ba shi ya ci zuma ba.

Na wuce gidan Emmeram na zayyana masa. In ya rufe a ɗaya, Zenzi ta tafi. In ya ƙi zuwa, ya fi muni. In ya fito ya ce ba shi da lafiya, hukunci ya koma bakin su Wastl, su kuwa suna jin tsami. Na ce, "Gaba kura, baya siyaki. Amma ƙodarka ba ta aro ba ce, ka ji na gaya maka." Ya ce in ja masa ƙofa in zan fita.

Ranar Juma'a tun ƙarfe uku falon Zenzi ya cika, har da masu tsayuwa a zaure. Masu dahuwar nan biyar duk sun zo, kowa da kofi a gabansa, ba wanda ya kurɓa. Ga 'yan birni biyu a lungu da gemunsu. Ƙarfe huɗu Emmeram ya shigo yana jan ƙafa, ya zauna a kujerarsa kusa da murhu, ni kuma na zauna gefensa. Zenzi ta ajiye masa kofi, ta koma bakin ganga ta ba mu baya.

Ya sha a hankali har ya ƙare. Ya zaro faifan. Kowa ya zuba masa ido. Ya juya faifan a hannu, sai ya dafa tebur ya girgiza shi, ya sunkuya da ƙyar ya cusa faifan ƙarƙashin ƙafar tebur. Ya ɗago yana nishi ya ce, "Shekara nawa teburin nan na rawa, Girgl bai gyara ba."

Zenzi ta zo ta cika kofin. Na sunkuya na ce masa a kunne, "Ka haukace ne? Me likita ta ce?"

"Likita ta taɓa zama a gidan nan?"

Ya sha na biyu. Ya sha na uku, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ni da nake gefe raina ya ɓaci, tsoro ya kama ni, kuma ban iya riƙe hannunsa ba. Da ya gama, faifai na ƙarƙashin tebur, sai ya cire hularsa ya kife a kan kofin.

Sai a lokacin Wastl ya kurɓi tasa. Ya yamutsa fuska, ya dubi hular, ya gyara fuskar. Ya ce, "Wannan ɗan tsamin da gangan ne. Haka kakanninmu ke yi, mu ne muka manta." Sauran suka gyaɗa kai kamar ƙadangaru. 'Yan birni suka duƙufa kan waya, ɗaya na cewa yana jin ƙanshin tuffa a ciki.

Ranar Lahadi da safe motar asibiti ta ɗauki Emmeram. Kwana goma sha biyu ya yi a kwance, likita kuma ta ce daga yanzu ko ɗigo, har abada. Asiri ya tonu, amma rabi kawai. Gari ya fahimci dalilin kofi ɗaya, aka ba tankina haƙuri, sannan aka ƙara da cewa giyar Zenzi ta kai daɗin da mutum zai sayar da ƙodarsa a kanta. Daga garuruwa uku aka zo aka shanye gangar tas.

A kwanansa na biyar a kwance Zenzi ta sa na kai ta asibiti da kwanon miya. Ta dire kwanon ta ce, "Tsohon banza. Wa ya aike ka?"

Ta ja kujera ta zauna.

"Giyar ta yi tsami," in ji ta.

"Ban sani ba," in ji shi, yana kallon rufi. "Ban taɓa sani ba, Zenzi."

"Na san ba ka sani ba. Girgl ya gano ka shekara ashirin da suka wuce. Ya taɓa zuba maka giyar Wastl a kofinmu, ka sha uku."

Emmeram ya juyo. "Kuma bai faɗa wa kowa ba?"

"Ya faɗa wa wa? Shi da ke samun uku?"

Na kasa yin shiru. Na ce, "To ke da kin san harshensa katako ne, don me kika ɗaure zamanki a kan faifansa?"

Ta buɗe kwano ta sa cokali, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ba giya nake tambaya ba. So nake in san ko akwai mai son zama a gidan nan in babu Girgl. Da na san abin da likita ta ce masa, da ruwa zan zuba masa." Sai ta miƙa masa cokalin ta ce, "Ci, kafin ta huce." Ni kuma na fita neman inda na ajiye mota, alhali na san inda take.

Shekara huɗu ke nan. Zenzi na nan, giyarta ta gyaru tun dahuwa ta biyu, har Wastl na ƙorafin wai ta bar hanyar kakanni. Emmeram na bin gidajen tauraro ƙarfe huɗu kamar da, ana dafa masa shayin ganye, kuma wallahi akwai masu ƙirga kofunan shayin. A gidan Zenzi uku yake sha. Faifan na nan ƙarƙashin ƙafar tebur, ya yi baƙi, ta hana kowa cire shi ko ranar wanke ƙasa. Teburin kuwa har yanzu yana rawa, don ba ƙafar da ta gaza ya sa wa ba.