Rabin Tiya

Shekarar fari muka shiga aikin hanyar Dungas, ana biyanmu da jar dawar taimako. Namiji tiya guda a yini, mace rabi. Kwanon tsakuwa kuwa iri ɗaya muke ɗauka, ni har da goyo, ga yara a gida suna jiran tuwo.

Na tambayi mai rabo dalili. Ya ce, "Mai goyo ai rabin ma'aikaci ce."

Na kwance ɗiyata na dangwara masa a cinya. "To Malam, riƙe mini rabin, in cika."

Ta tsula masa fitsari. Mata suka kwashe da dariya, ya cika mini tiya don in karɓe ɗiyata.

Ni kaɗai ya cika wa. Har yau abin yana cina, don sauran da rabi suka koma gida.