Aukje Wiersma, Mai Zaɓa wa Furanni Ƙasar Kwanciya

Kowace safiya, ko ruwa ake yi ko iska, Aukje Wiersma takan jingine kekenta a bayan kantin yadi na bakin gada a garin Workum, ta ɗora kofi, ta ɗage labulen taga. Fitilar kanti kuwa ba ta yarda da ita ba, ta ce maƙaryaciya ce. Duk matar da ta shigo da ƙyallayen haɗa bargo, masu furannin zamanin kakanni da ake sake bugawa yanzu, sai Aukje ta saɓo bandir-bandir na yadi, ta ja ta har bakin ƙofa. Nan za su tsaya cikin sanyi, a duba kalar da za ta zama ƙasan bargon, wato yadin da furannin za su kwanta a kai, a hasken Allah. Ranar da gari ya haɗe da hadari, takan mai da mace gida hannu wofi, mai kanti yana ta tsaki.

Hiske Bouma shaida ce. Ta zo da jajayen furanni irin na rigar marigayiya uwarta, za ta haɗa wa jikarta bargon aure, ta nace ƙasan bargon sai fari ƙal.

"Haba Yaya Hiske, zanin gadon asibiti za ki kai wa amarya?"

"Ke dai yanko min, uwar iyayi."

"Ba zan yanka ba. Ɗora ki gani."

Hiske ta ɗora. Nan take furannin suka dushe kamar sun shekara ba wanki. Aukje ta zare farin, ta shimfiɗa wani mai kalar shayi da madara, sai jan ya farfaɗo. Hiske ta daɗe tana kallo, can ta ce, "Ga Inna nan." Ta nemi kujera ta zauna.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ban yi zurfi a karatu ba. Yanar ido ta fara kama Aukje, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ran Asabar kuma ƙungiyar masu ɗinkin bargo za ta baje kolinta a zauren coci. Kowa ya san al'ada: a kusurwar bayan bargo ake ɗinka ɗan ƙyalle mai sunan wadda ta yi aikin, don jikoki su sani. Na bi bargunan da aka riga aka rataye a zauren ina juyawa. Ko ɗaya babu sunan Aukje. Na tare shugabar ƙungiya, ta ce, "Ai ba ita ta riƙe allura ba, Goggo."

Na ce, "Ke da kika riƙe, wa ya zaɓa miki wannan shuɗin?"

Ta kama gyara tabarau.

Ke ce mai ido, Aukje. Ke ce ba ki taɓa cewa abu ya yi kyau don a saya a ba ki wuri ba. Rabin gadajen garin nan da zaɓinki ake lulluɓa, amma an so ki fice ta ƙofar baya da yankan kek a takarda. Ban yarda ba.

Ba ni kaɗai ba ce kuma. Jiya Hiske ta zo zauren, ta sauke bargonta, ta ƙara layi a ƙarƙashin sunanta: Aukje Wiersma ce ta zaɓi ƙasa. Wasu mata suka bi sahu. Kafin a tashi, shugabar da kanta ta zo aron allura, tana kallon gefe. Da aka kai wa Aukje labari, sai da ta goge ido da bayan hannu, sannan ta ce, "Allah ya sa dai ba da koren zare Hiske ta yi ba, na san halinta."

Mun gode, Aukje, Allah ya ba likita sa'ar idon nan. Ku 'yan matan kanti, ku tsaya kusa da ita ku koya tun wata bai ƙare ba. Ku kuma da bargunanku ke rataye ba sunanta, zauren a buɗe yake har Juma'a. Ku zo da allurarku. Zare ni zan kawo.